Cikin da Ba Wanda Ya Ambata

Damina goma sha tara ke nan da aka rufe ƙanwata Dije a bayan ganuwar Maska. Na ɗauki alƙalami ne don duk wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa, namiji ko mace, domin har yau zuciyata ba ta kwanta da yadda ta tafi ba. Ajali ne, na sani, ba na ja da hukuncin Allah. Amma ajalin nan ya zo da sanadi, kuma sanadin nake zargi.

Dije mace ce mai yawan dariya, ga son rake kamar me. Gidan marina aka kai ta aure, inda mata ke yini suna dakan baban rini, suna jidar ruwa da manyan tuluna. Can ta samu cikin fari. Kowa ya san al'adarmu, cikin fari ba a faɗinsa. Mai shi ba ta faɗa, uwarta ba ta tambaya, uwar miji ta gani ta kau da kai, sai ya tsufa a zo a ɗauke ta goyon ciki. Kafin nan, daga ita sai Allah.

A lokacin ina aure a Dandume, labari ne kawai ya same ni. Wata mai magani ta biyo ayarin fatake daga wajen Zazzau ta sauka a unguwarsu. Dije na fama da kasala da tashin zuciya, kunya ta hana ta faɗin dalili, sai ta ce ciwon shawara ne ke damun ta. Matar ta jiƙa mata wasu sassaƙe masu ɗaci na wankin ciki, ta ce ta sha safe da yamma. Ta sha. Jini ya ɓalle mata, cikin ya zube, ita ma ba ta tashi ba.

Abin da ke cin raina shi ne, wace mai magani ce za ta dubi idon mace, ta ga yadda ta yi fari, ta kasa gane mai ciki? Ko dai ta gani ta yi shiru don hajarta ta shiga, ko kuwa ba ta san komai ba sai ɗaurin ƙunshi. Washegari ta bi ayarinta, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Matan gidan ma ban wanke su ba. A zaman makoki wata ta ce mini tun tuni ta lura Dije ta daina cin daddawa. To, kin lura, kika ga gorar magani a hannunta, me ya riƙe bakinki? Wai kunya.

Nakan tambayi kaina, da Dije za ta leƙo yau, me za ta ce? Dariya za ta fara yi, na san ta. Har yanzu ana hana mai ciki ƙwai kada ɗa ya yi sata, ana hana ta tsallake igiya kada cibiya ta naɗe. Waɗannan kowace tsohuwa ta haddace su. Amma ba mai hana ta ɗaukar tulun da zai karya ƙugu, ko dakan da ba hutu, ko tsotsar taba da kanwa. Masu jiƙe-jiƙe kuwa sun ma ƙaru, duk ayarin da ya sauka sai ka ga wata da buhun saiwoyi da zaƙin baki. Ni dai ko gaisuwarsu sai na juya ta kafin in amsa.

Bana abin ya zo ƙofata. 'Yata ta fari tana aure a nan cikin gari. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ba na kuma shiga sha'aninta a gaban mutane. Na ga ta rame, na ga tana tofar da miyau, ta kuma soma ɗaura zane sama da inda ta saba. Sai wata maƙwabciya ta ce mini, kamar da wasa, an yi baƙuwa mai magani a gidan mijin 'yar tawa, yarinyar ma ta karɓi na shawara.

Ban tsaya neman mayafi mai kyau ba. Na tarar da ita a bakin turmi, ga gorar maganin a jingine da bango, ga matan gida zaune a inuwa. Na ɗauki gorar na tuntsurar a ƙasa, na ce, "Rabi, ciki gare ki. Ajiye taɓaryar nan. Daga yau ba jiƙo, ba tulu, duk abin da za ki sha sai ungozoma ta gani."

Uwar mijinta ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Inna! Ke da 'yar fari? Har da suna? Ina kunyar ta tafi?"

Na ce, "Na taɓa ganin inda kunyar ta kai wata. Ba na son in sake gani."

Rabi ta shige ɗaki tana kuka. Ban san ko nawa ta sha kafin in zo ba, ta ƙi gaya mini, wannan kuwa ya hana ni sakewa har yanzu. Gari ya ɗauka wai tsufa ya taɓa mini kai. A gidan suna, ina shiga mata sai su sassauta murya.

Dije ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba, waɗanda suka san dariyarta ma sun kusa ƙarewa. Da na auna, abin da ya rage nata a duniya shi ne wannan rashin yardar da ta zauna mini a ƙirji, da bakin da na buɗe. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta.

Rabi tana ɗakina yanzu, an kawo ta goyon ciki, har yau ba ta haɗa ido da ni. Shekaranjiya muna tsince auduga, sai ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta. Na ji ɗan ya harba.