Iskar da Yaya Sule Ya Karanta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sule, amma har yau in jirgi ya taso ya bi ta saman gidanmu a Moshi Zango, sai na ɗaga kai na dubi fikafikansa. Shi ya saba mini da haka. Injiniyan jirgin sama ne, ya yi aiki a Ankara, babban birnin ƙasarmu, har ya gaji, ya dawo gida Kumasi.

Tsiyarsa ɗaya ce, tsokana. In aka tambaye shi me ya karanta, sai ya gyara hula ya ce, "Ilimin iska." Duk Bahaushe ya san inda kalmar nan take kai zuciya. Wasu su ɗauka bori yake nufi, wasu su ce to, dama ɗan iska ne, ga shi ya faɗa da bakinsa. Shi ko ya yi ta dariya. Mahaifiyarmu, Mma, ba ta taɓa yi ba.

Ni tela ce, ban wuce firamare da nisa ba, amma ya dage sai na gane. Ya je Anloga, unguwar kafintoci, ya sa wani kafinta ya sassaƙa masa fiffike na katako, gabansa da kauri, bayansa siriri, samansa a lanƙwashe. Da shi ya nuna mini cewa abu huɗu ke kokawa a kan jirgi. Nauyinsa na jansa ƙasa, inji na tura shi gaba, iska na riƙe shi baya, ita dai iskar ce kuma ke ɗaga shi. Fiffike yana karkata kaɗan, ya tankwasa iskar da ta taho zuwa ƙasa, ita kuma ta rama, ta tura shi sama. Gudu ya ƙaru, ɗagawa ta ƙaru. Abin da ya fi maimaitawa shi ne, in matuƙi ya ɗaga hancin jirgi ya wuce kima, iska za ta saki bayan fiffiken, jirgi ya fara zubewa. Ƙara ɗagawa ba ya magani. Sai an sunkuyar da hanci iska take dawowa ta riƙe.

Shanyewar jiki ce ta kwantar da shi. Likita ya ce hawan jini ne, unguwa ta ce iska ce ta buge shi, kuma Mma ta unguwa ta ɗauka. A ganinta mutum ba zai shekara yana kiran sunan abu ba, abin ya ƙi amsawa. Na ji ciwon wannan magana ƙwarai, amma uwa ce da ta binne ɗanta, na ƙyale ta.

Bana maganar ta dawo. Rukaya, 'yar da ya bari, wadda ta tashi a hannun Mma, ta samu gurbin karanta injiniyancin jirgin sama a jami'a. Mma ta ce ba da albarkarta ba. Rukaya kuwa ta rantse ba za ta taka makarantar ba sai kakarta ta yarda, ga shi kuma ita Rukayar ba ta iya lallashi ba. Halin ubanta ta kwaso sak. Kullum ta zo da Turanci da ɗaga murya, kullum Mma ta ƙara tamke fuska, ga lokacin shiga makaranta yana ƙurewa.

Na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani, da 'yan matan Zango ke neman aikin da a da ko maza ba sa mafarkinsa. Na tabbata zai yi murna har ya ishi mutane. Na kuma san abin da zai gaya wa 'yarsa, don haka ni na faɗa mata a madadinsa: "Kin ɗaga hanci da yawa, shi ya sa kike zubewa." Ta kalle ni, ta gane, ta fashe da dariya.

Ranar da za mu je suna a unguwar Sofoline, muka shiga trotro, motar haya, mu uku, Mma a bakin taga. Da direba ya samu hanya ya ɗan taka, Rukaya ta sassauta murya.

"Kaka, don Allah ki ba ni aron hannunki."

Ta leƙar da tafin Mma waje kaɗan, a shimfiɗe, sannan ta karkata shi. Hannun ya yi sama da kansa. Ta ƙara karkatawa, ya koma baya ya faɗo.

"Ita ke nan, Kaka. Iskar da Baba ya karanta ke nan. Wadda kike sheƙe masara da ita."

Can sai na ga Mma ta sake miƙa hannun ita kaɗai, tana karkatawa tana gyarawa, har yaron mota ya yi mata magana da Asantanci cewa ta kula da babura. Ba ta ko dube shi ba.

Yaya bai bar gida ko mota ba. Ya bar katako ɗaya, da 'ya mai taurin kai, da bayanin da ko tela ta iya riƙewa shekara tara. Ina da yaƙinin Rukaya za ta wuce inda ya tsaya. Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta.

Washegarin sunan, Mma ta janyo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta fito da fiffiken nan na Anloga, wanda duk muka ɗauka ta ƙone shi tun ranar sadakar arba'in. Ta goge shi da bakin mayafinta ta miƙa wa Rukaya.

"Je ki, Allah Ya yi miki albarka. Amma in an tambaye ki, ki ce jirgi kike karantawa."