Mutumin da Ya Auna Hanya da Ƙafar Yaro

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake mai labarin yana nan da ransa.

A ofishin ilimi Mai Taswira ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe bakwai zai buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda, ya shimfiɗa taswirar gari, ya danne gefenta da kofi da kwalbar tawada. Aikinsa shi ne ya nuna wa kwamiti inda ya kamata a gina sabuwar firamare. Abokan aikinsa rajistar makarantu suke dubawa. Shi kuwa duk wata sai ya leƙa asibitin haihuwa, wai jaririn yau nan da shekara shida benci zai nema. Matarsa har tsiya take masa, ta ce ya fi ungozoma sanin gidan da aka sauka.

Saura wata biyu ya yi ritaya, fayil ɗaya ya hana shi sakat. Sabuwar unguwar bayan kwari ta cika maƙil, yara sun haura ɗari bakwai, babu aji ko ɗaya. Fili guda ya rage, shi ma an nemi a mai da shi tashar mota. In kwamiti bai amince a wannan zama ba, fili ya tafi ke nan. Doka kuma ta hana gina sabuwa in akwai wata cikin kilomita biyu. Shugabar kwamiti ta ɗora rula a kan taswira, ta sami ɗaya da rabi zuwa makaranta mafi kusa. Ta ce masa ita ma uwa ce, amma ba ta da ikon lanƙwasa rula.

Rula ba ta yi ƙarya ba, kwarin ne ba ta sani ba, don a takarda siriri ne kamar zare. Kwana uku abinci ya ƙi shiga. Ya rubuta bayani ya yaga, ya sake ya yaga. Ran na huɗu ya tsaya a ƙofar ofishinta.

"Ranki ya daɗe, ban zo da takarda ba. Safiya ɗaya nake roƙo. Ki sa takalmin da ba ya cizo."

Washegari suka bi ayarin yaran unguwar, masu shaguna na kallo. Ya roƙe ta kada ta wuce takun ƙaramar cikinsu. Ruwa na gudu a kwari, dole a zagaya ta gada, a tsallaka titin manyan motoci. Shugaba kuwa agogo kawai take dubawa. Awa ɗaya da kwata. Suka tarar an rufe ƙofar makaranta.

Ta ce, "Malam, kullum haka suke yi?"

"Wannan hanyar masu jin magana ce. Sauran ta cikin ruwan suke yankewa."

Kai ne mai awo da ƙafa, Malam. Kai ne ka tuna cewa hanya a ƙafar ɗan shekara shida ba ɗaya take da hanya a kan tebur ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku da kuka gaji kujerarsa, don Allah kafin ku sa hannu a fayil, ku fita ku taka.

Kwamiti ya amince da awon ƙafa maimakon na rula, ƙuri'a huɗu da uku. Tashar mota ta koma bayan kasuwa. Shugaba ta rubuta neman a gyara dokar, har yau ba a ba ta amsa ba. Mai Taswira yana gida yana jinyar gwiwa. An gina ajujuwa uku, 'yan ƙanana sun huta. 'Yan aji huɗu zuwa shida kuwa har yanzu ta gada suke zagayawa.