Yashin Gaban Maƙabarta

"Inna, ki bari maza su gama tukuna," in ji surukina, mijin 'yata, bai ko ɗago kai ba. Ni kuwa na riga na dire tiren shinkafa da wake a tsakiyar tabarma, na tsaya ƙyam.

Juma'a ce, an sauko daga masallaci. 'Yan zangonmu da ke aiki a Dubai sun cika falon da muke haya a unguwar Muraƙƙabat, masu gadi da direbobi da masu wanke-wanke a otal. Magana ɗaya ce, teku na cin unguwarmu a can Gana. Ya ci wurin shanya kifi, ya ci filin ƙwallo, saura maƙabarta. Malam, marigayi mijina, yana kwance a layin farko na kaburbura, gindin wata kwakwa.

Wani direba ya ce a yi irin na Larabawa, a zuba ƙasa a tura ruwan baya, ai da idonsa ya ga sun yi tsibiri. Na kusa da shi ya ce, "Habibi, abokina, da ludayin Inna za ka zuba?" Aka kwashe da dariya.

Na ce, "Ni ban iya taro ba, karatu ma sai da furfura na koya. Amma tambaya gare ni. Bulon da ake yi muku gini a gida, da yashin ina ake buga shi?"

Kowa ya sani. Duk wanda ya shigo Dubai, abin da yake fara yi shi ne ya sa a haƙa masa tushe a gida. Tifa kuma gaban maƙabarta take ɗiba, don nan ne kusa.

An daɗe ana ja. Daga baya aka tsayar: ba mai ƙara taɓa yashin, za a dasa kwakwa, a sa samari gadi, a sanar da sarkin zango. Aka shafa fatiha. Wallahi na ji daɗi, har nama na ƙaro musu.

Suna sa takalma a bakin ƙofa na ji wani yana raɗa wa ɗan'uwansa, "Ginina ya kai linta fa, kaɗan ya rage, kalas, shi ke nan." Ina kwashe kwanuka kuma sai ga muryar surukina a baranda, yana waya. "Yalla, maza ku kwaso yashin kafin a sa gadin."

A wajenmu ba a haɗa ido da suruki. Ni na haɗa. Na ce, "Uban matarka ne kwance a wurin."

Ya ce, "Inna, har da ɗakinki ake ginawa. In biza ta ƙare, ina za ki kwana?"

Na koma kicin.

Da damina ƙanwata ta turo hoto daga gida a wayar 'yata. Kwakwar kwance cikin ruwa, saiwoyi a sama. Na ce wa 'yata ta ƙara min girmansa, idona ba ya gani. Ta ƙara. Babu layin farko.