Gwaggo Mai Makullai da Tsagar Aji Uku

Ga ta nan, na kawo muku.
Ta shigo, muna saurare.

To ku gyara zama, don wannan ba tatsuniya ba ce, mai ita tana nan da ranta. Gwaggo Mai Makullai ake ce mata. Shekara talatin da huɗu tana share tsohuwar makarantar firamare, tun ana karatu a ciki har aka kwashe yara zuwa sabon gini, aka bar ta da kujeru. Kullum da safe sai ta buɗe tagogi goma sha shida, ta bi katakon ƙofofi tana ƙwanƙwasawa, tana kasa kunne ko gara ta shiga. Masu shagunan layin sun shaida, ko zazzaɓi take yi sai tagogin nan sun buɗe.

Bana hukuma ta ce za a duba ginin, ko a gyara ko a rushe. Ana cikin haka masu zane-zane suka shirya zagayen nuna ayyukansu a gari, suka sa makarantar cikin wuraren da baƙi za su tsaya. Injiniyan da zai yanke hukunci ya ce shi ma zai biyo zagayen.

Daga ranar zama ya gagari Gwaggo. Ta share baranda, ta dawo ta sake sharewa. Ta zauna, ta miƙe. Abin da ke cin ta, bangon aji uku yana da tsaga, daga gindi har ta wuce taga. Shugabar masu zanen, yarinya mai kirki, ta rataya ƙaton zane a kai.

"Gwaggo, mun rufa wa gininki asiri," in ji ta.

"'Yata, bangon nan ya girmi uwarki, bai taɓa ɓoye wa kowa fuskarsa ba."

"In injiniya ya gani fa, shi ke nan."

Gwaggo ta san haka. Ta kuma san in aka ɓoye, 'ya'yan mutane ne za su riƙa zama ƙarƙashin bangon da ba wanda ya duba.

Ranar zagaye baƙi suka cika azuzuwa, wasu na kallon zane, wasu na neman kujerar da suka zauna suna yara. Gwaggo na kai da kawo a baranda, makullai na kaɗawa a ƙugunta. Injiniya ya shiga aji uku, ya yaba zanen, ya juya zai fita. Ta tare ƙofa.

"Ɗana, gini ka zo dubawa ko hoto?"

Aka yi dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Kama min nan."

Suka sauke zanen. Ga tsaga, gefenta kuma 'yan layuka da aka karta da ƙusa.

"Duk shekara in ruwa ya ɗauke, ina yin alama inda ta tsaya," in ji Gwaggo. "Ban iya rubutu ba, wannan na iya."

Injiniya ya bi su da yatsa. Na ƙasa tazara gare su, suna hawa. Can sama guda goma sha ɗaya sun cunkushe wuri guda.

"Me ya faru a nan?"

"Shekarar da na haƙa wa ruwa hanya a bayan ajin ke nan. Ya daina kwanciya a gindin bango, ita ma ta daina tafiya."

Ya zagaya baya ya ga kwatar, ya dawo da laka a takalminsa.

"Gwaggo, wa ya koya miki?"

"Bangon mana. Kai ma in ka daɗe da shi zai koya maka."

Ke ce, Gwaggo, kika fi son a rushe wurin da kika ƙarar da ƙarfinki a kan a yi ƙarya da shi. Uwar gini, mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma masu riƙe da amanar wani abu, ko tsintsiya ce, ku riƙe ta haka.

Injiniya ya rubuta a ɗinke tsagar a bar ginin. Shugabar masu zane ta mai da zanenta aji biyu, yanzu tana koyar da zane a can ranar Asabar. Gwaggo ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, ta miƙa makullan ga sabuwar mai shara, ta haɗa mata da ƙusar.