Likkafanin Ya Falmata

Jama'a, yau na gaisa da gawa, har ta ba ni ruwa na sha!

Wajen ƙarfe goma wata mata ta yi sallama gidanmu a Manawashi, tana kuka wiwi. Wai maƙwabciyarta Ya Falmata, 'yar gudun hijira daga Borno, ta rasu da asuba a unguwar Malam Inna. Ba ta da kowa, ko likkafani babu. A taimaka da kuɗi.

Ni har na ɗauko jaka. Abin da matar ba ta sani ba, Mamanmu ce mai wankan gawa a unguwarmu, kuma ba ta rabuwa da farin yadi a akwati.

Mama ta fito da yadin, ta zura hijabi. "Mu je, 'yata, ni zan yi mata wanka."

Matar ta ce, "A'a Hajiya, kuɗin dai ya fi."

Mama ta ce, "Da kuɗi ake naɗe mamaci?"

Muka tari keke napep mu uku. A bakin layi ta nuna mana wani gida mai koriyar ƙofa, ta ce bari ta kira liman. Ba mu sake ganinta ba.

Ƙofar gidan ba tabarma, ba kowa. Muka yi sallama, wata dattijuwa ta amsa tana tankaɗe. Ta kawo mana ruwa.

Mama ta ce, "Mun zo wankan Ya Falmata."

Dattijuwar ta dubi yadin, ta dube mu.

"Ni ce. Ku ne na uku a makon nan. Sauran, kuɗi suka ba matar, sannan suka zo gaisuwar mutuwata."