Tulun Irin Goggo

Goggona ba ta da gonar kanta, amma duk abin da ya tsiro a ƙauyenmu ta hannunta ya bi. Ita ke ajiye mana iri. Mu 'yan tsiraru ne, yarenmu ma da ka haye kogi babu mai jin sa, kuma wata gajeriyar jar dawa muke nomawa wadda ba a samu a kasuwa. Kowace kaka Goggo takan bi gonaki tana zaɓar zangarniya mai cika, ta sussuke, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta liƙe a tulu. Shekara arba'in tana wannan aiki. Rowarta kuwa, har kajin gidan sun shaida.

Da hantsi ruwan ya shigo. Ya ci rumbuna, ya kwantar da dawar da ke gona, bai bar ko kara ba. Muka tsira a makarantar kan tudu, mu kusan saba'in a aji biyu. Goggo ta iso ba takalmi, tulun a ka. Ragowar irin bana ne a ciki, kuma shi ke nan abin da ya rage na dawarmu.

Aka ce agaji na tafe, gada ce ta karye. Kwana uku, kwana biyar. Muka daina leƙa hanya. Yara suka daina kuka, suna kwance kan benci ido buɗe. Ba wanda ya yi wa Goggo maganar tulun, kallonsa kawai ake yi. Ni ma na kalla, kuma ban ji kunya ba. A kwanakin nan ban ji komai ba.

Rana ta takwas da safe ta fasa bakin tulun, ta wanke tokar sau uku. Ta ce da ni, "Kai, karyo benci ka hura wuta."

Na ce, "Goggo, a rage ko tafi ɗaya mana."

Ta dubi yaran, ta juye duka.

Tukunyar na tafasa muka ji ƙarar inji. Jiragen ruwa uku ne, cike da shinkafa da barguna da magani. Wata ma'aikaciyar agaji ta sauko tana ba da haƙuri, ta durƙusa gaban Goggo.

"Sannu, Mama. Bayan wannan, me kuke buƙata?"

Goggo ta ci gaba da motsa tukunya. Can ta ɗebo kaɗan a murfi ta miƙa mata.

"Ungo, 'yar nan, ɗanɗana. Daga yau babu mai ƙara cin ta."