Laminu da aladun Lyon

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Laminu. Duk lokacin da watan ya kewayo, nakan tuna ranar da aka ɗora mini abu biyu a kan sikeli: a gefe guda babban mai cinikin da yake riƙe da kusan rabin kasuwata, a ɗaya gefen kuma wurin zaman ƙanena a bakin faranti.

Ni sana'ata aika kaya gida. Ina da shago a unguwar Goutte d'Or, nan ƙasar waje, kuma al'adarmu ce bayan sallar Juma'a mu rufe ƙofa, a shimfiɗa tabarma tsakanin kwalaye, mutanen Maradi da Damagaram mu ci daga faranti ɗaya. Laminu likitan dabbobi ne, yana aiki a wani ɗakin bincike a birnin Lyon. Wata-wata yakan hawo jirgin ƙasa ya zo ya ci tare da mu.

Aikinsa a kan mazan aladu yake. Ya taɓa yi mini bayani cewa maraina na namijin alade suna yin estrojen da yawa, sinadarin nan da muke ɗauka na mata ne kaɗai. Shi da abokan aikinsa kuma sai su ba ƙananan aladun maganin da ke tare hanyar yin sa, su riƙa ɗibar jini suna dubawa. Na ce masa wannan ai lissafin ɗan kasuwa ne: in ka rufe ƙofa ɗaya kaya sukan taru a ɗaya, don haka sinadarin maza, wanda daga shi jiki ke yin estrojen, zai yi ambaliya. Ya yi dariya ya ce, “Yaya, jiki ba shagonka ba ne.” Estrojen ɗin yakan sauka, amma sinadarin maza da sauran sinadaran da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ba su cika motsawa ba. Abin da ke canzawa shi ne marainan, sukan ƙara girma, su yi iri mai yawa. Burinsa wata rana a gane ko hakan zai amfani masu kiwon raguna da bajimai a gida.

Ban taɓa ɓoye aikinsa ba, ban kuma taɓa tallarsa ba. Ranar da Alhaji Mamman, wanda ke aika injinan ɗinki da kayan mota ta hannuna, ya tambaye shi wace dabba yake dubawa, Laminu ya faɗi gaskiya. Alhaji ya janye hannunsa daga shinkafar.

“Da wannan hannun kake taɓa su?”

“Da safar hannu, Alhaji. Kuma ina wankewa fiye da yadda ake wanke kwanukan shagon nan.”

Wasu suka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Ya ja ni waje ya ce ko dai a ware wa yaron kwanonsa, ko ya kai kayansa wani wuri. Na yi tunanin abin a tsaye, yadda nake yanke kowane ciniki. Na ce masa cin naman ne aka hana mu, kuma ƙanena bai ci ba. Na koma ciki na matsa wa Laminu nama gabansa.

Yau samari kan shigo shagona suna nuna mini tallar ƙwayoyi a waya, wai suna kashe sinadarin mata a jikin namiji su ƙara masa ƙarfi. Nakan yi tunanin abin da Laminu zai ce. Na san ba zai yi wa'azi ba. Zai tambaye su ne wa ya auna jininsu, tunda ko alade ba a ba shi magani sai an auna.

Zancen raguna bai kai ko'ina ba, ciwo ya riga shi. Alhaji Mamman kuma bai dawo ba har yau, wani ɗan Tahoua a unguwar Bobigny ke aika masa kaya, sai da na saki rumbun ajiyata ɗaya saboda haka. Wannan ita ce asarar, kuma ba ƙarama ba ce. Abin da na samu shi ne, a 'yan shekarun da suka rage masa, ƙanena bai taɓa shigowa shagona yana duban fuskata don ya san inda zai zauna ba. Na daɗe ina saye da sayarwa, ban yi cinikin da ya fi wannan riba ba. Allah ya jiƙan Laminu.